Gwamnatin Mutum Bakwai ta Birnin Kanton

A ƙasar da a ke mulki da majalisa, in aka yi zaɓe ba jam'iyyar da ta sami kujeru fiye da rabi, sai jam'iyyu biyu ko uku su haɗa kai su kafa gwamnati. Masu yabon abin suna ce da shi haɗin gwiwa, masu yi masa ba'a kuwa su ce gamin gambiza. Haka aka yi a Nijeriya bayan zaɓen watan Disamba na 1959. Kujerun Majalisar Wakilai 312 ne, NPC ta sami 134, NCNC da abokiyarta NEPU suka sami 89, Action Group ta sami 73. Da ya ke ba wadda ta kai 157, sai NPC da NCNC suka shirya, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Awolowo ya zama shugaban masu hamayya. Lissafin a fili ya ke, kowa ya zo da kujerunsa, aka ƙidaya, aka raba muƙamai.

Amma akwai wani irin haɗin gwiwa wanda majalisa ce ke ɗaura shi, alhali kuwa ba kujeru a ke ƙidayawa ba. Irinsa aka yi a kudancin ƙasar Sin daga 1917 zuwa 1920, a birnin Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton. Shi ne babban birnin lardin Guangdong, yana bakin wani babban kogi da ke gangarawa teku kusa da Hong Kong. Tun da can garin fatake ne, kuma 'yan kasuwar Kano da ke zuwa saro kaya sun san shi sarai.

Kafin a gane yadda majalisar ƙasa ta je ta sauka a wannan birni, sai an koma baya kaɗan. Cikin watan Oktoba na 1911 sojoji suka yi tawaye, lardi bayan lardi suka juya wa Sarkin Sin baya. Ran 1 ga Janairu 1912 aka yi shelar jamhuriya, aka naɗa wani likita, Sun Yat-sen, mutumin lardin Guangdong, ya riƙe shugabancin ƙasa. Amma mayaƙan kirki suna hannun Janar Yuan Shikai a arewa. Saboda haka aka yi ciniki, Yuan ya sa Sarki, yaro ɗan shekara 6, ya yi murabus, Sun kuwa ya sauka ya ba Yuan kujera. Aka rubuta tsarin mulki na wucin gadi wanda ya ba majalisa ƙarfi ƙwarai, don a ɗaure wa Yuan hannu. A ƙarshen 1912 da farkon 1913 aka yi zaɓe. Jam'iyyar Sun, watau Kuomintang, ta sami kujeru 269 cikin 596 a Majalisar Wakilai, da 123 cikin 274 a Majalisar Dattawa. Ita ce babba, amma ba ta kai rabi ba. Mai tafiyar da ita, wani saurayi mai hazaƙa, Song Jiaoren, yana cikin shirin neman abokan kafa gwamnati, aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai ran 20 ga Maris 1913, ya cika bayan kwana biyu. Kafin shekara ta kewayo Yuan ya soke jam'iyyar, ya kori majalisa. Daga baya har ya nemi naɗa kansa sarki, ƙasa ta ƙi, ya mutu cikin watan Yuni na 1916.

Aka sake kiran majalisa a Bejin, amma ba ta cika shekara ba. Firayim Minista Duan Qirui, wanda shi ma janar ne, ya so ƙasar Sin ta shiga Yaƙin Duniya na Farko ta yaƙi Jamus. Shugaban Ƙasa Li Yuanhong da yawancin 'yan majalisa suka ƙi, don sun san rancen da za a samu da sunan yaƙi sojojin Duan zai ƙarfafa. Li ya tuɓe Duan, ya kira wani janar, Zhang Xun, ya zo ya yi sulhu. Mai sulhu ya zo da mayaƙansa, ya tilasta aka rushe majalisa cikin watan Yuni na 1917, ran 1 ga Yuli kuma ya mai da yaron nan bisa gadon sarauta. Sarautar kwana 12 ta yi. Duan ya kore shi, ya koma kan mulki, ya ce wai tsohuwar majalisa ta riga ta mutu, sai dai a zaɓi wata.

To, nan ne Sun Yat-sen ya ga ƙofa. Ya tashi daga Shanghai ya iso Kanton ran 17 ga Yuli 1917, ya aika wa 'yan majalisa su biyo shi su kare tsarin mulki. Ministan mayaƙan ruwa, Cheng Biguang, ya goyi bayansa, ya taho da jiragen yaƙi wajen goma. 'Yan majalisa kuwa ɗari da 'yan kai kaɗai suka amsa kira, cikin mutum 870. Doka ta ce ba a zama sai fiye da rabi sun hallara. Da suka ga ba su cika ba, sai suka kira taronsu zaman majalisa na musamman, suka buɗe shi ran 25 ga Agusta. Ran 1 ga Satumba suka zaɓi Sun da ƙuri'a 84 cikin 91, suka ba shi sarautar da za a iya kira Babban Sarkin Yaƙi. Suka kuma zaɓi mutum biyu su zama sarakunan yaƙi a ƙarƙashinsa, Lu Rongting da Tang Jiyao.

Ya kamata mai karatu ya dubi mutanen nan biyu da kyau, gama su ne masu ƙasa. Lu Rongting mutumin lardin Guangxi ne, maƙwabcin Guangdong daga yamma. Da ƙuruciyarsa ɗan fashi ne a kan iyakar ƙasar Sin da Biyetnam, gwamnatin Sarki ta ga ba ta iya kama shi, ta ba shi rigar soja. A 1917 lardunan nan biyu duk suna hannunsa, yaransa ne ke riƙe da Kanton. Tang Jiyao kuwa shi ke da lardin Yunnan, idonsa yana kan lardin Sichuan mai arziki. Ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya yi rashin barci saboda tsarin mulki. Abin da ya dame su shi ne Duan yana tura sojojinsa kudu, ya riga ya naɗa yaronsa gwamnan lardin Hunan, wanda ke ƙofar gidan Lu. In sun yi yaƙi da Duan su kaɗai, sunansu 'yan tawaye. In kuwa majalisar ƙasa tana zaune a ƙasarsu, sun zama masu kare doka. Watau suna bukatar majalisa kamar yadda mai fita yaƙi ke bukatar tuta. Majalisa tana bukatar masauki da abinci. Sun Yat-sen yana bukatar duka biyu, shi kuwa abin da ya kawo shi ne sunansa da jiragen Cheng Biguang.

Tun ran farko aka ga inda baki ya karkata. Lu da Tang suka ƙi karɓar sarautar da aka ba su, don ba su ga dalilin da za su rusuna wa mutumin da ba shi da ko bataliya ɗaya ba. Waɗansu daga cikin ministocin da aka naɗa su ma suka ƙi kama aiki. Babban Sarkin Yaƙi ya rasa fada cikin gari, sai ya sauka a wata masana'antar siminti a ƙetaren kogi. Harajin lardi yana shiga hannun gwamnan soja, yaron Lu. Gwamnan farar hula, Zhu Qinglan, wanda ya yi wa Sun maraba, ba da daɗewa ba aka matsa masa ya bar aiki. Abin da ya bari a baya shi ne bataliya 20 na dogaransa, waɗanda bayan ja-in-ja aka danƙa wa wani abokin Sun, Chen Jiongming, bisa sharaɗin ya fita da su ya tafi lardin Fujian. Mutanen Guangxi suna tsammani sun rabu da ƙaya ke nan.

Abu ya ƙara ɓaci da Mo Rongxin ya zama gwamnan soja a ƙarshen 1917. Duk wanda Sun ya aika ya ɗebo masa sojoji, sai Mo ya kama shi ya ce ɗan fashi ne, har ya harbe waɗansu. Haƙurin Sun ya ƙare. Daren 3 ga Janairu 1918 ya shiga jirgin yaƙi, ya sa aka buɗe wa hedkwatar gwamna wuta da igwa. Ga shugaban gwamnati yana harbin gwamnan babban birninsa! Mo ya nuna ya fi shi sanin duniya, ya hana yaransa ramawa, gari ya waye ya je ya ba da haƙuri, bai kuwa sake komai cikin halinsa ba. Ran 26 ga Fabrairu aka harbe Cheng Biguang a bakin kogi. Da mutuwarsa mayaƙan ruwa suka fara karkata wajen masu biyansu albashi.

A cikin majalisa kuma akwai wata ƙungiya da a ke kira Zhengxuehui, watau ƙungiyar nazarin siyasa. Yawancinsu tsofaffin 'yan Kuomintang ne da suka gaji da Sun, suna ganin ya cika kafiya, kuma ba a gwamnati da mutum ɗaya wanda masu bindiga ba su yarda da shi ba. Maganarsu ba ta rasa hujja ba. Suka ce tun da ƙarfi a rarrabe ya ke, to, a rarraba shugabancin, kowane mai ƙarfi a ba shi kujera, a yanke magana da shawara. Suka shawo kan sauran. Da Sun ya ga an gama shiri, sai ya ajiye sarautarsa ran 4 ga Mayu 1918, ya aika da waya ko'ina yana cewa da janarorin kudu da na arewa duk kanwar ja ce. Ran 20 ga Mayu majalisa ta zaɓi shugabanni bakwai masu daraja ɗaya. Kashegari Sun ya shiga jirgi ya bar garin.

In a takarda ne, da wuya a sami gwamnatin da ta fi wannan kyan tsari. Ga Lu Rongting da Tang Jiyao, masu sojan ƙasa. Ga Lin Baoyi, wanda ya gaji riƙon jiragen yaƙi. Ga Sun Yat-sen, uban jamhuriya, an bar masa kujera ɗaya cikin bakwai. Ga Tang Shaoyi, wanda ya fara zama Firayim Minista a 1912. Ga dattijo Wu Tingfang, lauya wanda ya yi karatu a London, ya yi jakadanci a Amurka, wanda kuma a 1917, sa'ad da ya ke riƙon Firayim Minista, ya ƙi sa hannu a takardar rushe majalisa ko da aka tsananta masa. Na bakwai shi ne Cen Chunxuan, wanda aka ba shugabancin taron. Shi tsohon hakimin Sarki ne, ya mulki lardunan nan biyu daga 1903 zuwa 1906, a lokacin Lu Rongting yana cikin hafsoshinsa. Zaɓensa ya nuna wa kowa inda gwamnati ta jingina.

Amma zaman 'yan marina aka yi, kowa da inda ya sa gabansa. Mutum bakwai ɗin nan ba su taɓa taruwa a ɗaki ɗaya ba. Lu yana Guangxi, Tang Jiyao yana can yamma wajen mayaƙansa, Sun yana Shanghai yana rubuce-rubuce, Tang Shaoyi bai zo ya zauna ba. Wakilai suka aiko, wakili kuwa ba ya yanke magana sai ya buga waya ya ji daga maigida. Saboda haka abin da Cen da Mo Rongxin suka shirya, shi ne ya ke zama umurnin gwamnati.

Majalisa ita ma ta nemi gyara matsayinta. Cikin 1918 ta yanke cewa duk ɗan majalisar da aka kira bai zo ba ya rasa kujerarsa, aka ɗauko waɗanda suka bi su a ƙuri'a a zaɓen 1913 aka cike gurbi da su. Da haka ta ce yanzu ta cika adadin da doka ta nema. A Bejin kuwa Duan ya sa aka zaɓi sabuwar majalisa wadda yaransa suka cika, ita kuma ta zaɓi Xu Shichang Shugaban Ƙasa, ya hau ran 10 ga Oktoba 1918. Ƙasa ɗaya, majalisa biyu, kowace tana ce da 'yar'uwarta haramtacciya. Da aka gama Yaƙin Duniya, manyan ƙasashe suka matsa a yi sulhu. Aka buɗe taro a Shanghai ran 20 ga Fabrairu 1919, Tang Shaoyi ne ya shugabanci wakilan kudu. Taron ya watse cikin watan Mayu, ɗaya daga cikin manyan dalilai kuwa shi ne wace majalisa za a rushe. A nan 'yan majalisar Kanton suka fara jin ƙishin-ƙishin cewa Cen da Lu a shirye su ke su sayar da su, muddin Bejin za ta bar musu lardunansu. Cikin watan Agusta Sun ya aiko da takardar fita daga cikin bakwai ɗin. A farkon 1920 aikin rubuta tsarin mulki na dindindin ya tsaya cik, don 'yan Zhengxuehui sun daina zuwa zama, adadi ya kasa cika. Sa'an nan kuɗin da a ke ba majalisa ya fara yankewa.

Maganar kuɗi ita ce ta fi kowace nuna yadda abin ya ke. A zamanin nan kwastan na ƙasar Sin yana hannun Turawa, shugabansa wani Bature ne mutumin Ingila, Francis Aglen. Abin da aka tara a tashoshin jiragen ruwa, da shi a ke fara biyan basussukan ƙasashen waje, in an sami rara sai a ba gwamnati. A 1919 jakadun ƙasashen waje suka yarda a riƙa ba gwamnatin Kanton kashi 13.7 cikin ɗari na rarar nan. Ba don sun yarda da ita ba ne, har gobe Bejin suka sani. Kuɗin kuwa a hannun Wu Tingfang a ke sa shi, shi ne Ministan Harkokin Waje da na Kuɗi, kuma shi Turawa suka amince da shi. Wannan ne kaɗai kuɗin kirki da gwamnatin bakwai ta mallaka wanda bai bi ta hannun wani janar ba. Sauran, harajin ƙasa da kuɗin lasin na gidajen caca da mutanen Guangxi suka buɗe ko'ina a lardin, duk na sojan Lu ne. Ashe duk ƙarfin farar hula cikin wannan haɗin gwiwa yana rataye ne a wuyan tsoho ɗaya mai shekara 77.

Igiyar ta tsinke ne daga wajen masu bindiga. Akwai wata runduna ta mutanen Yunnan da ke zaune a Guangdong. Cikin watan Fabrairu na 1920 Tang Jiyao ya ga shugabanta, Li Genyuan, ya koma ɗan gidan Cen da Mo, sai ya tuɓe shi ya naɗa Li Liejun. Mo ya ƙi yarda, abokan gwamnati ɗaya suka buɗe wa juna wuta a arewacin lardin. Da Wu Tingfang ya ga haka, a ƙarshen watan Maris sai ya tattara hatiman ofishinsa da abin da ya rage na kuɗin kwastan, ya sulale zuwa Hong Kong, daga can ya wuce Shanghai. Cen ya kai ƙararsa kotu, jakadu kuwa suka ce tun da ba su san wanda za su ba ba, sun tsai da biya. Shugabannin majalisun biyu, Lin Sen da Wu Jinglian, suka bi sawunsa tare da 'yan majalisa da yawa. Ran 3 ga Yuni 1920 Sun Yat-sen da Tang Shaoyi da Wu Tingfang da Tang Jiyao suka fitar da sanarwa cewa su huɗu ne cikin bakwai, saboda haka abin da ya rage a Kanton ba gwamnati ba ne. Sun, wanda ya ce ya fita tun bara, ya sake ƙidaya kansa a ciki da ya ga lissafi na bukatarsa. Waɗanda suka rage a Kanton suka zaɓi waɗansu suka cike kujerun. Majalisa kuwa ta shiga yawon neman masauki, ta je Kunming wajen Tang Jiyao, ta wuce Chongqing, yaƙi ya kore ta daga can.

Wanda ya raba gardama shi ne Chen Jiongming. Bataliyoyin nan 20 da aka kora Fujian sun yi shekara biyu da rabi suna ƙaruwa. Cikin watan Agusta na 1920 ya juyo da su gida, yana shelar cewa mutanen Guangdong su za su mulki Guangdong. Talakawa da fatake, waɗanda suka gaji da baƙin sojoji da harajinsu, suka tarye shi da murna. A ƙarshen Oktoba Cen ya ajiye aiki, Mo ya gudu, Chen ya shiga Kanton, cikin abin da ya fara yi har da rufe gidajen caca. Ran 28 ga Nuwamba Sun ya komo.

Bai sake yarda da shugabancin taro ba. Ran 7 ga Afril 1921 'yan majalisa ɗari biyu da 'yan kai suka zaɓe shi Shugaban Ƙasa na musamman. Amma har yanzu sojan na wani ne. Sun yana son a tafi yaƙi arewa a haɗa ƙasa da ƙarfi, Chen kuwa yana son kowane lardi ya gyara gidansa tukuna, sa'an nan a yi tarayya. Ran 16 ga Yuni 1922 sojojin Chen suka buɗe wa fadar Shugaba wuta, Sun ya tsira da kyar ya fake cikin jirgin yaƙi. Bayan mako ɗaya Wu Tingfang ya rasu.

Tsohuwar majalisa ta koma Bejin cikin 1922, nan take aka shiga gardama tsakanin 'yan asali da waɗanda aka cike gurbi da su a Kanton. Cikin watan Oktoba na 1923 Janar Cao Kun ya sayi shugabancin ƙasa daga hannunta, yana biyan dala 5,000 a kan kowace ƙuri'a. Sun kuwa, da ya sake komawa Kanton a watan Fabrairu na 1923, ya sauka a masana'antar simintin nan ta dā, bai kira ɗan majalisa ko ɗaya ba. Ya karɓi mashawarta da makamai daga Rasha, ya sake ginin jam'iyyarsa bisa tsarin tasu, ya buɗe makarantar hafsoshi a tsibirin Whampoa cikin watan Yuni na 1924, ya ba Chiang Kai-shek riƙonta. Ya rasu a Bejin ran 12 ga Maris 1925. Gwamnatin da magadansa suka kafa a Kanton ran 1 ga Yuli na wannan shekara, kwamitin jam'iyya ne ya naɗa ta.